Kujerar Bayan Direba

Litinin, da yamma

Yau aka karanta mana sabuwar dokar a farfajiyar gareji. Manaja ya hau benci da lasifika, direbobin bas sun cika wurin, mu ma'aikatan ɗakin magani muna gefe cikin fararen riguna kamar waɗanda aka kawo don tsorata yara.

An hana shan taba a cikin bas da ofisoshi da wurin jiran fasinja. An kori masu tallar magani daga bakin ƙofa. Na ƙarshen shi ne nawa: daga farkon wata mai zuwa za a fara yi wa direbobi gwajin ƙwaya, ba sanarwa, wanda na'ura ta zaɓo shi ke nan. Wanda ya kawo kansa kafin lokacin, za a sauke shi daga mota, a haɗa shi da asibiti, a ba shi aiki a cikin gareji har ya warke. Wanda ya bari gwaji ya kama shi, ko aka kai rahotonsa, lasisi ya tafi, aiki ya tafi.

Ni ce mai gwajin. Shekara da shekaru ina auna musu hawan jini da ƙarfin ido, kowa yana gaishe ni. Yau da Manaja ya nuna ni, sai na ga wasu sun sunkuyar da kai.

Dogo, wanda ya fi kowa daɗewa a tuƙi, ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, an hana taba, an hana ƙwaya. To tuƙi tun asuba har dare fa, shi ba a hana ba?" Aka kwashe da dariya. Manaja ya ce ana dubawa.

Yayana, shi ma direba ne a nan, yana can baya ya harɗe hannu. Da aka watse ya ɗaga murya ya ce, "Auta, likitar fitsari, an samu ƙarin girma!" Na yi dariya. Shi ma ya yi.

Laraba, da rana

Na kama Likita, shugabana, a bayan janareto yana busa sigari. Ya ce yana bankwana ne da ita. Wannan ne bankwana na uku a makon nan.

Alhamis, bayan magariba

Anti, matar Yaya, ta zo gida wai gaishe da Umma. Ta jira Umma ta tayar da sallah, sannan ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta kwance bakin mayafinta ta nuna mini. Katin magani ne guda uku, duk an shanye. A cikin tsohon takalminsa ta gani.

Na san maganin, na kashe zafin ciwo ne, irin wanda gwajin ke kamawa. Shi aka rubuta masa shekara biyu da suka wuce da bayansa ya riƙe. Na mako biyu aka rubuta.

Na ce, "Anti, tun yaushe?"

Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Amma abin da ya faru da motarsa a kan gada watan jiya, kin yarda taya ce?"

Na ce haka aka rubuta. Taya ce ta fashe, bas ɗin ta gogi ƙarfen gefe, ba wanda ya ji ciwo.

Ta ce, "Haka aka rubuta." Ta ɗaure mayafinta. Muka fito muka zauna da Umma, aka yi hirar tsadar gas.

Juma'a, da safe

Taya ce.

Asabar, da yamma

Na yi wanki, na share ɗakin Umma, na gyara mata labulen da ya zame. Lafiya lau.

Ina ninke kaya na tuna lokacin da Baba ya rasu. Ina aji biyu a sakandare, Yaya kuma saura masa shekara ɗaya ya gama kwaleji. Bai yi shawara da kowa ba, ya ajiye littattafai ya tafi koyon tuƙi. Kullum da safe bas ɗinsa na bi ta gaban makarantarmu, sai ya danna hon sau biyu ko ina aji. Ƙawayena su ce, ga yayanki can yana gaishe ki.

Ban san abin da ya sa na rubuta wannan ba.

Litinin, da hantsi

Dogo ne na farko da ya kawo kansa. Ya shigo da hularsa a hannu ya ce, "'Yar nan, ina ake rubuta sunan masu laifi?" Na ce ba laifi ba ne, Baba Dogo, haka dokar ta ce. Ya ce, "To ina ake rubuta sunan marasa laifin da suka sha ƙwaya?" Ni da Likita muka yi ta dariya.

Bayan ya fita na tambayi Likita, kamar dai tambaya kawai: in ma'aikaci ya ji labarin wani direba a waje, ba ta hanyar gwaji ba, me ya kamata ya yi?

Ya daɗe yana kallona. Ya ce in aka kai rahoto, to an kama shi ke nan, ba shi ya kawo kansa ba, kuma na san hukuncin. Ya ce dalilin ba da wa'adin shi ne mutane su fito da ƙafarsu, don in hukunci kawai aka sa a gaba, kowa ɓuya zai yi, a riƙa shigowa da fitsarin ƙane a cikin kwalba. Sai ya ce, "Amma fa fasinja ba su san da wani wa'adi ba. Kullum shiga suke yi."

Na ce na gode. Bai tambaye ni ko wane ne ba.

Laraba, da yamma

Yaya ya zo auna jini. Na ɗaura masa abin awo a dantse, na ga ya rame, agogonsa har yana yawo a hannu. Ya bari ɗakin ya zama ba kowa.

Ya ce, "Auta, in sunana ya fito, ke ce dai a ɗakin, ko?"

Na ce ni ce.

Ya ce, "To shi ke nan."

Na ce, "Yaya, ba shi ke nan ba ne. Ƙofar Likita ga ta nan, taku uku. Dogo ma ya shiga."

Ya ce, "Ni da Dogo ɗaya ne? Ni magani nake sha, likita ne ya rubuta mini. Shekara ashirin ban taɓa kashe ko kaza ba. So kike a ga yayanki yana wanke taya a gareji?"

Na ce jininsa ya ɗan hau. Ya ce ni na hawar da shi. Ya sauke hannun rigarsa ya fita.

Alhamis, bayan isha'i

Yaya ya rigaye ni wurin Umma. Ban san me ya gaya mata ba, amma ba duka ba. Ina shigowa ta ce in zauna.

Ta ce, "Babana ya ce ciwon baya yake fama da shi, kuma maganin na iya fitowa a abin naku. Ke ba za ki iya rufa masa asiri ba? Wa kike da shi da ya fi shi? Wannan farar rigar ma wa ya sa miki ita?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "To?"

Na ce, "Umma, mutum sittin yake ɗauka a sahu ɗaya."

Ta ce Allah ne ke tsarewa. Na ce haka ne. Ta juya fuska bango. Na kai mata ruwan zafi na gasa mata gwiwa kamar kullum.

Lahadi, da rana

Anti ta kira. Yaya ya ɗauki hutun kwana uku, wai zazzaɓi. So yake ya daina da kansa kafin wata ya ƙare, ba wanda ya ji. Ta ce gumi yake ta yi yana rawar sanyi, ya kasa zama ya kasa kwanciya, sai zagaye tsakar gida. Ya daka wa ƙaramar 'yarsa tsawa don cokali ya faɗi daga hannunta. Bai taɓa yi ba.

Na ce ta gaya masa ba a yanke irin wannan magani farat ɗaya, a hankali ake ragewa, a hannun likita. Na ji muryarsa daga nesa yana cewa ta kashe wayar.

Talata, da yamma

Anti ta ce ya warware, ya ci abinci, har ya yi wa yara wasa. Gobe zai koma aiki. Ta faɗa da murya irin ta mai ba da labarin rasuwa. Mun san abin da ya warwarar da shi: ya koma wa maganin ne.

Laraba, da asuba

In na kai rahoto na gama da shi. In na yi shiru kuma...

Zan fita da wuri yau.

Laraba, da yamma

Na je tashar farko na shiga bas ɗinsa. Na biya kwandasta, na zauna a kujerar da ke bayan direba. Ya hango ni ta madubi.

Ya ce, "Ina za ki?"

Na ce aiki.

Ya ce, "Wannan layin ba ya bi ta gareji."

Na ce zan zagaya, ina son shan iska.

Ban taɓa lura da mutanen da yake ɗauka ba. 'Yan makaranta da jakunkuna sun fi su girma, ma'aikatan jinya da suka kwana a aiki, wata mata da kwandon ƙwai a cinya ta rungume shi kamar jariri. Tuƙinsa lafiya lau. Yaya ya iya mota, ko ruwa ka ɗora a kofi ba zai zube ba. Sai dai yana yawan murza ido, kuma sau biyu ya wuce tasha sai da aka buga masa jikin mota.

Na makara a aiki. Likita ya kalli agogo ya kalle ni, ya ci gaba da taunar cingam ɗinsa. Ya daina zuwa bayan janareto, amma yanzu kowa haushi yake ba shi.

Alhamis

Na shiga.

Juma'a, da yamma

Na shiga. A tashar ƙarshe, bayan kowa ya sauka, ya juyo.

"Me kike nufi da wannan?"

Na ce, "Ba komai, Yaya. In motar ta isa ta ɗauki 'ya'yan mutane, ai ta isa ta ɗauke ni."

Ya ce in sauka. Na ce na biya. Ya ce wallahi da ba don ina Auta ba da ya san abin da zai yi. Ya fita ya tsaya a jikin mota yana kallon ƙasa, har kwandasta ya zo ya ce lokaci ya yi.

Ban ji tsoro a motar ba. Sai da na iso ofis na kasa buɗe kwalbar ruwa.

Litinin, da rana

Direbobi tara sun kawo kansu zuwa yau. An liƙa sanarwa cewa an rage awoyin tuƙi, za a ƙaro sababbin direbobi. Dogo, da yanzu yake duba mai da ruwan batir a gareji, yana ta yawo yana cewa shi ya ciyo musu. Ya rame, yana fama, amma bakin nan nasa bai mutu ba.

Masu tallar da aka kora daga bakin ƙofa sun koma bayan gidan mai. Kowa ya sani. Na gaya wa Manaja, ya ce can ba hurumin kamfani ba ne, zai rubuta wa hukuma.

Saura mako guda.

Talata, bayan magariba

Umma ta tambaye ni ina nake zuwa tun duhu bai gama washewa ba. Na gaya mata. Ta ci gaba da jan carbinta.

Can ta ce, "Ke kina ganin abin ya kai haka?"

Na ce ban sani ba, shi ya sa nake shiga.

Ta ce in fito mata da takalminta mai laushi.

Laraba, da yamma

Zan rubuta yadda ya faru, sau ɗaya.

Da ƙyar Umma ta hau matakalar bas, ni da kwandasta muka tallafa mata. Yaya ya miƙe tsaye daga kujerarsa ya ce, "Umma, lafiya? Ina za ki?" Ta ce, "Babana, shekara ashirin kana tuƙi ban taɓa shiga motarka ba. Yau na zo." Ta zauna a bayansa, ni a gefenta. Ya kalle ni ta madubi, kallon da ba zan manta ba.

Ya ja mota a hankali. Umma tana ta kallon gari ta taga, tana cewa ashe an rushe tsohon gidan waya, ashe an yi sabon titi. Har ta fara hira da mai ƙwai.

A danjar da ke kafin gada muka tsaya. Wuta ta ba da hannu. Motocin gefe suka wuce. Mu ba mu motsa ba. Na baya suka fara hon. Na ga kansa ya ɗan karkata, hannayensa na kan sitiyari, idonsa a madubi a rufe. Ban san tsawon lokacin ba. Ba shi da yawa.

Umma ta miƙa hannu ta dafa kafaɗarsa. A hankali ta ce, "Babana, an ba mu hannu."

Ya farka firgigit. Bai hau gadar ba. Ya sa sigina ya gangara gefe, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Ya ce wa kwandasta ya kira gareji a turo wani direba, shi ba shi da lafiya. Fasinja suka hau mita, wani yana cewa zai makara, wata tana cewa a mayar mata da kuɗinta. Ya sauka ya zauna a bakin kwalbati. Umma ta ce in sauko da ita. Ta zauna kusa da shi a kan simintin, da sabon zanenta.

Na tsaya nesa. Ban ji abin da suka ce ba.

Alhamis, da hantsi

Ya zo. Bai biyo ta ɗakina ba, ya wuce kai tsaye wurin Likita, Anti na biye da shi. An rufe ƙofa. Na jera kwalaben gwaji, na sake jera su.

Da suka fito bai kalli inda nake ba. Anti ce ta ɗaga mini kai.

Asabar

Umma ta ce gwiwarta ta kumbura saboda matakalar nan. Ta ce da ni da bas ɗin duka ba mu da tausayi. Amma ta ci abinci sosai.

Talata, da yamma

An fara gwajin jiya. Na'ura ta fito da mutum shida, biyar lafiya. Na shidan wani matashi ne da bai daɗe da aure ba. Da sakamakon ya fito a jikin abin gwajin sai ya ce, "Anti, don Allah. Wallahi niyyata in zo ranar Juma'a, kunya ce ta hana ni." Na ce ba ni da yadda zan yi. Gaskiya ce, amma da na faɗa sai na ji bakina ya yi ɗaci.

Likita ya ce zai rubuta a roƙa masa ko asibitin ne a haɗa shi da shi, tunda dokar ba ta hana ba. Aikin dai ya tafi. Na ce da za a riƙa buɗe irin wannan wa'adin duk shekara. Ya ce in rubuta, zai sa hannu, mu aika sama. Na rubuta.

Kwana huɗu ne tsakaninsa da Yaya.

Alhamis, da rana

An sa Yaya a ɗakin kayan gyara, yana miƙa wa makanikai abin da suka nema. Na wuce ta wurin na gaishe shi. Ya ce "lafiya" yana kallon kantar kaya. Dogo ya leƙo ya ce, "Rabu da shi, 'yar nan, makon farko ni ma ko uwata ce ta gaishe ni sai na ji kamar zagi."

Anti ta ce barcinsa kaɗan ne, bayansa kuma ya dawo da ciwo. An ce za a fara yi masa gashi da motsa jiki. Likitan asibitin ya ce abin zai ɗauki watanni, kuma ba a yi masa alkawarin ranar komawa mota ba.

Lahadi

Bai zo gaishe da Umma ba sai da ya tabbatar na fita.

Laraba, da yamma

Jiya Anti ta kira ta ce ƙaramar 'yarsu ba ta da lafiya, ba za ta iya raka shi asibiti ba yau, kuma ba a so ya riƙa zuwa shi kaɗai tukuna. Ta ce ta tambaye shi wa za ta kira, ya ce duk wanda ta ga dama. Na nemi izinin rabin yini.

Na same shi a tasha, ya sa riga ta gida, ba kakin aiki ba. Muka gaisa sama-sama. Bas ta zo a cike, wani sabon direba ne a ciki, bai ma san Yaya ba. Gaba ba wuri, sai can kujerar ƙarshe muka samu, a kan taya.

Tun kafin mu bar tasha ya fara. "Ji yadda yake sa giya kamar mai fasa dutse." Can kuma, "Wa ya koya wa wannan taka birki?" Wani dattijo a gabanmu ya juyo ya ce, "Malam, in ka iya ai sai ka je ka karɓa." Na dube shi. Yaya ya buɗe baki, ya rufe. Sai ya ce, "Ina hutu ne, Baba."

Muka shiga wani rami, duk muka yi sama muka dawo. Ya dafe bayansa ya ce wash. Ya dubi kujerar, ya dubi mutanen da ke riƙe da ƙarfe suna layi, sannan ya dube ni, karo na farko tun ranar danja.

Ya ce, "Auta, ashe haka bayan nan yake jijjiga mutane? Shekara ashirin ba wanda ya gaya mini."

Na ce ai ana faɗa, a gaba ne ba a ji.

Ya yi 'yar dariya ta hanci. A bakin asibiti ya riga ni sauka, ya miƙo hannu ya karɓi jakata har na sauko. Na ce in shiga da shi? Ya ce a'a, in zauna a benci, ba zai daɗe ba.

Ya daɗe. Na jira.